Bayar da ragowa ko ware rabon mabukata tun farko

Kirista mai son rage saye-saye domin ya taimaki mabukata yana da hanyoyi biyu. Ta farko, ya jira ƙarshen wata ya bayar da abin da ya rage. Tana da sauƙi, amma da wuya wani abu ya rage, domin sha'awa takan cinye duk kuɗin da ke hannu.

Ta biyu ita ce koyarwar Bulus a 1 Korintiyawa 16:2: ranar farko ta mako, kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa. Ita ce ta fi ɗorewa. Ranar da kuɗi ya shigo, a cire kason, ko kashi 5 cikin 100 ne, a ajiye shi daban. A je da ƙafa a kai wa gwauruwa ko mara lafiya, a zauna a ji damuwarsu. Sayayyar da ba ta dole ba kuwa, a jinkirta ta kwana 30.

Inda ake tuntuɓe shi ne ɗaukar kaso mai nauyi har a ci bashi, sai bayarwa ta koma ta tilas, abin da 2 Korintiyawa 9:7 ta hana.