Kwas ɗin atisayen magana da majinyata da ake yi nan Sakkwato, ga abin da na gani

Duk ɗalibin da ke karatun halayyar ɗan adam kuma yake da niyyar zama mai warkar da damuwa ta hanyar tattaunawa, ina ganin ya kamata ya leƙa wanga kwas da ake yi ranakun Asabar nan cikin gari. Ya yi min ƙwarai, amma akwai inda nake son a gyara kuma zan faɗa.

Ba lacca ake yi ba ko kaɗan. Malama za ta kunna gajeren bidiyo, wani ya fito a matsayin majinyaci ransa a ɓace yana cewa shi fa ya gaji da zuwa, babu abin da ya canza sai asarar kuɗin mota, kawai sai ta tsayar ta ce to bismillah amsa masa, kuma waya na gefe tana ɗaukarka. Nan take za a maido maka ka ga kanka, yadda ka sunkuyar da kai, yadda ka yi saurin kare kanka maimakon ka nuna ka ji zafin da yake ji. Abu ɗaya tak za ta zaɓa ta ce gyara wannan, ka sake, ka sake, har sai bakinka ya saba. In ta ga abin ya yi maka sauƙi sai ta kawo mai tsauri, in ta ga ka daskare sai ta sassauta. Wannan hikimar tata wallahi ita ta fi burge ni.

Tsarin yana da tushe. Anders Ericsson da abokan aikinsa ne suka fito da shi fili a 1993 bayan nazarin ɗaliban kiɗan goge na Turawa a Balin ta Jamus, inda suka ga gwanayen sun fi sauran yawan atisaye na kaɗaici mai manufar gyara rauni. Shi kuma salon bidiyon daga Timothy Anderson na Jami'ar Ohio a Amurka ya samo asali, bincikensa na 2009 ya nuna waɗanda suka fi iya amsa irin waɗannan wurare masu wuya, majinyatansu sun fi samun sauƙi. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na 2016 da Simon Goldberg ya jagoranta, an bi masu aikin 170 da majinyata sama da 6,500, sai aka tarar daɗewa kan aiki kaɗai bai ƙara masu ƙwarewa ba, a jimlace ma ɗan ja da baya aka gani. Mu kuma nan kullum cewa ake yi bari dai ka daɗe za ka iya. To ni dai tun da na ji haka na daina jiran shekaru.

Yanzu ga matsalata. Bidiyon duk da Turanci suke, mutanen ciki ma Turawa ne da ke faɗin abin da ke ransu kai tsaye. Don Allah wace ce cikin matanmu za ta zauna gaban baƙo ta fara zayyana damuwarta haka? Wadda za ka haɗu da ita a Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Kware ko asibitin koyarwa na Danfodiyo da mijinta ko uwar mijinta za ta shigo, kunya ba za ta bar ta ta ɗago kai ba, ciwon kai da faɗuwar gaba kawai za ta ce, kuma kafin ta iso an sha ruƙiyya an sha rubutu saboda gida sun ce iska ce ko sammu. Ga dattijon da 'yan bindiga suka koro daga yankin Sabon Birni ko Isa, kana tambayarsa yana ce maka "sai godiya" alhali idonsa ya kaɗa, ga matashin da aka kawo ɗaure saboda tiramol yana kallonka kamar kai ne ɗan sanda. Yadda za ka ce "Baba, sannu da haƙuri" ka yi shiru ka jira shi, ko yadda za ka roƙi maigida ya ɗan ba ku wuri ba tare da ya ji an raina shi ba, waɗannan su ne muke buƙatar mu maimaita da Hausa, kuma babu su ciki. Mu da kanmu muka riƙa ƙirƙirar su muna yi wa juna bayan an tashi, kuma nan na fi ƙaruwa.

Kuɗin ya ɗan yi wa ɗalibi nauyi, ɗakin kuma da an ɗauke wuta zafin Sakkwato sai ya hana ka natsuwa. Amma na yaba da dokarsu ta cewa a goge bidiyon kowa kafin a fita, kuma ba a yarda a kawo muryar majinyaci na gaskiya ba sai da izininsa a rubuce.

In za ka je ka tafi da abokin karatun da ba zai ji nauyin faɗa maka gaskiya ba, don da shi za ka ci gaba da atisayen a gida tsakiyar mako. Na kai wa malama koken bidiyon Hausa, ta ce in muka rubuta labaran za ta duba yadda za a ɗauka, mun riga mun fara da na matar da ta shigo da uwar miji.