Kwana biyu a tsohon masauki a Matsumoto

A wani tsohon masaukin katako na sauka, irin wanda Japanawa ke kira ryokan, kusa da baƙar fada mai hawa 6 da ke birnin Matsumoto na ƙasar Japan. Tun daga ƙofa ake tuɓe takalmi, abin ya kwanta min a rai. Ɗakin shimfiɗe yake da tabarmar tatami mai ƙamshin ciyawa. A kanta na yi sallah, da dare aka shimfiɗa min katifa a ƙasa. Na sanar da su ba na cin alade ko girkin da aka sa wa giya, da safe sai ga gasasshen kifi da shinkafa. Wurin wanka dai na haɗaka ne, sai da na jira kowa ya watse. Zan koma, in sha Allahu.