Na'urar TENS 7000: tana rage raɗaɗi, amma ba ta warkarwa

TENS 7000 ƙaramar na'ura ce da ke shiga aljihun riga, tana aiki da batir mai volt 9, kuma tana aika wutar lantarki mai rauni zuwa jijiyoyi ta wasu faifai huɗu da ake mannawa a fata kusa da inda ke ciwo. Tushen aikinta bayanin da masana kimiyya Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar ne a 1965, cewa idan aka motsa jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa, laka tana rage saƙon zafin da take bari ya isa ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallan murzawa biyu da ke samanta, domin mutum yana ƙara ƙarfin wutar sannu a hankali har ya ji wani tsikari kamar tafiyar kiyashi, sai ya tsaya a nan, kuma murfin da ke kansu yana hana a murza su bisa kuskure. Ana iya saita bugunta daga 2 zuwa 150 a daƙiƙa, amma takardar bayanin da Turanci take, don haka gara likitan gashin ƙashi ya fara saita wa mutum ita.

Rauninta yana wajen faifan mannawa. Gumin bazara yana cinye danƙonsu da wuri, man da ake shafawa a lokacin hunturu kuma yana hana su kama fata, idan gefen faifai ya ɗage sai wutar ta taru a wuri guda ta riƙa mintsini. Duk mai saye ya fara tambayar inda zai samu na canji, domin a nan kuɗin yake tafiya.

A ganina ta dace da ciwon gwiwa ko na kafaɗa da likita ya riga ya gano musabbabinsa, tunda sauƙin yakan gushe jim kaɗan bayan an kashe ta. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ma, a ƙa'idojinta na 2016, ba ta amince a riƙa ba da ita don ciwon ƙugu ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya da mai farfaɗiya su nisance ta, mai juna biyu ta fara tuntuɓar likita, kuma ba a manna faifan a maƙogwaro, ko a ka, ko a kan rauni.