Shagon nan na bes jita ta hannu, ku je da ƙafarku ya fi

Gaskiya kayansu masu kyau ne, Yamaha da Ibanez ɗin da suke kawowa ba su ji jiki sosai ba, kuma mai shagon ba ya ɓoye aibu, in fenti ya kwaile ko jak ɗin, wato ramin da ake jona waya, na ƙara zai nuna maka a bidiyo kafin ka tura kuɗi. Ni Yamaha mai tsirkiya 4 na ɗauka, sautinta wallahi sai wanda ya ji.

Inda nake da ƙorafi wajen aike ne. Bes fa wuyanta dogo ne, yawanci inci 34 daga gada, wato inda tsirkiyoyin ke kafe a jikinta, zuwa ƙarshen wuyan ta wajen kai, ga nauyi, amma sai su naɗe ta a kwali kawai ba akwati mai ƙarfi, tawa ta iso kunnen ɗaurin tsirkiya ɗaya a lanƙwashe sai da na canza shi. Shi ya sa in da hali ka je da kanka, ka jona ta a amfilifaya, ka danna kowane firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuyan, ka ji ko tana zizza, ka hango wuyan daga kai ka ga bai karkace ba. In dole sai an aiko, ka ce su ɗan sassauta tsirkiyoyin su sa ta a akwati ko da za ka ƙara kuɗi.