Pokémon Battle Academy na 2024: ya cancanci kuɗinsa, amma a karanta dokar ƙarshen wasa tun farko

Cikin kayan wasan kati na Pokémon da ke shigowa Katsina ta hannun masu oda da 'yan makarantar da ke dawowa hutu, Battle Academy ne ya fi dacewa da gidan da ba a taɓa buga wasan ba. Kamfanin The Pokémon Company ya fara fitar da shi a 2020, ya sabunta a 2022, sannan ya sake fitowa da wani a 2024, wanda shi ne muke dubawa a nan. Kwali ne mai kyau, kuma yana koyar da yadda ake fara wasa fiye da duk wani bayanin baki. Inda 'yan koyo ke samun gardama shi ne ƙarshen wasa, domin yawancinmu da Whot muka tashi, kuma dokar Whot ba ta aiki a nan ko kaɗan.

A cikin kwalin akwai ɗauri uku na kati, kowanne guda 60, wato na Pikachu ex, na Armarouge ex da na Darkrai ex. Akwai allon wasa mai naɗewa na mutum biyu, da 'yan akwatunan ajiye kowane ɗauri, da kwabo na jefawa, da ƙwayoyin lissafin rauni na kwali, da littattafan jagora biyu, da littafin doka. Allon shi ne abin da ya fi burgewa. An zana wurin kowane abu: inda na fage, wato Pokémon ɗin da ke faɗa, zai tsaya, benci mai gurbi biyar na masu jira, inda ake kife kasuwa, inda ake zubar da katin da aka gama da shi, da gefen da ake jera katunan lada. Yaro ɗan shekara takwas yana ganin allon zai gane tsarin.

Gargaɗi ɗaya kafin a buɗe leda: kada a cakuɗa ɗaurin Pikachu da na Armarouge. An jera su bisa lamba, kuma littattafan jagorar suna bin wannan jerin ne, kati bayan kati. Idan wani ƙani ya riga ya hargitsa su, ba asara aka yi ba, akwai 'yar lamba a jikin kowane kati, sai a zauna a mayar da su yadda suke.

Lissafin farko yana da amfani ga duk abin da zai biyo baya. Kowa ya ja kati 7 a hannu, ya kife guda 6 a gefe a matsayin lada ba tare da ya duba su ba. Saura 47 ke nan a kasuwa. Daga nan wasan yana da ƙofofin fita uku, kuma duk wadda aka fara kaiwa, an tashi.

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, wato kwashe katunan lada shida. Duk lokacin da Pokémon ɗin abokin karawarka ya faɗi, kai ne za ka ɗauki kati ɗaya daga naka ladan, ka sa a hannunka. Daga naka za ka ɗauka, ba daga nasa ba, kuma wannan kuskure ne da ake yawan gani a zaman farko. Idan wanda ya faɗin ex ne, wato Pokémon mai ƙarfi da ke da ex a ƙarshen sunansa, kati biyu ake ɗauka, an rubuta haka a ƙasan katin. Wannan ƙaramin rubutu shi ne ke juya wasa. Mai Armarouge ex yana jin ƙarfi don katinsa na duka mai nauyi, amma ranar da aka kayar da shi, abokin karawa ya ci sulusin wasan a bugu ɗaya. Don haka idan wancan ya rage masa lada biyu, kuma ex ɗinka ya sha rauni, ka biya kuzarin ja da baya, wato ka zubar da katunan Energy da ke jikinsa, ka mayar da shi benci, ka turo ƙarami wanda ko ya faɗi kati ɗaya ne. Idan kuwa lada ɗaya ya rage wa mutum sai ya kayar da ex, ɗayan kawai zai ɗauka, wasa ya ƙare.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ba dole sai da duka Pokémon ke faɗuwa ba. Guba tana ɗora rauni 10 a tsakanin kowane layi da na gaba, ƙuna tana ɗora 20. Pokémon ɗin da wani hari ya ruɗa, idan zai kai hari sai an jefa kwabo, in ta faɗi ta baya harin ya lalace kuma ya ji wa kansa rauni 30. Ta kowace hanya ya faɗi, ɗaya ɓangaren ne ke ɗaukar lada, ko da kai ka jawo wa naka da hannunka. Ana iya gama wasa ke nan a tsakanin layi biyu, ba tare da kowa ya kai hari ba. Masu gaggawa sukan tsallake wannan dubawar ta tsakani, su ja kati su wuce, sai can gaba a tuna ai guba ta kamata ta kayar da wane tun ɗazu. Gyaran wannan yana da wuya, domin hannu ya riga ya canza. Maganinsa shi ne a saba: kafin mai layi na gaba ya taɓa kasuwa, a duba guba, a duba ƙuna, a jefa kwabo ga wanda aka sa barci.

Ƙofa ta biyu ita ce ke cinye 'yan koyo tun wasa bai yi nisa ba. Idan na fagenka ya faɗi kuma bencinka babu kowa, ka sha kashi nan take, ko da abokin karawarka lada ɗaya kacal ya ɗauka, ko da hannunka cike yake da Pokémon. Na hannu ba ya cikin lissafi, sai wanda ke kan allo. Ba a ba ka damar cewa bari in sauke wannan, domin sauke Pokémon a benci sai a layinka. Ga yadda abin ke faruwa: mutum ya buɗe da ƙaramin Pokémon irin Charcadet guda ɗaya, yana da wani Basic, wato Pokémon ɗin matakin farko da ake saukewa kai tsaye, a hannu amma ya ɓoye shi wai kada a gani, ya ɗora kuzari ya ce ya gama. Wancan ya samu duka mai nauyi, ko ya dace da lagon jinsin nasa, wato Weakness, wanda ke ninka duka sau biyu, shi ke nan an tashi a layi na uku ko na huɗu. Dokar da ya kamata a koya wa yaro tun ranar farko ita ce kada ya gama layinsa benci babu kowa matuƙar yana da abin saukewa. Kati irin Nest Ball, wanda ke nemo Basic daga kasuwa ya ɗora shi kai tsaye a benci, don wannan aka yi shi, kuma a farkon wasa ya fi amfani.

Ta uku ita ce ƙarewar kasuwa, kuma a nan ne al'adar Whot ke ɓata lissafi. A Whot idan kasuwa ta ƙare, wasu na sake cakuɗa na ƙasa a ci gaba, wasu na ƙirga maki. A Pokémon babu ko ɗaya. Jan kati a farkon layi wajibi ne, kuma wanda layi ya zo kansa bai samu abin ja ba, ya faɗi, ko da lada ɗaya ya rage masa shi kuwa wancan bai ɗauki komai ba. Sai dai a fahimci iyakar dokar da kyau, don a nan ake yi wa mutane ƙwace. Kasuwarka ta zama fanko ba shi ne faɗuwa ba. Idan ka ja katin ƙarshe, kana da wannan layin cikakke, kana iya kai hari ka kwashe ladanka ka ci. Haka kuma idan wani kati ya ce ka ja bakwai alhali uku suka rage, ukun za ka ja, babu hukunci. Faɗuwar tana zuwa ne kawai a jan farkon layi.

Kati 47 kamar suna da yawa, amma suna tafiya da sauri. Katin Professor's Research kaɗai yana sa ka zubar da hannunka ka ja 7, Nemona na jan 3, kowane katin nema yana zare ɗaya. Doka ta yarda ka ƙirga yawan katin da ya rage a kasuwarka ko ta abokin karawa ba tare da ka duba fuskarsu ko ka canza jerinsu ba, kuma katunan da aka zubar kowa na da ikon dubawa. Idan kasuwa ta sauko ƙasa da goma, a daina jan da ba dole ba. Mai Youngster a hannu yana da mafita: katin yana mayar da hannunka cikin kasuwa ka ja 5, don haka idan kana riƙe da tara ban da shi, ka ƙara wa kasuwarka huɗu ke nan.

Littattafan jagorar suna riƙe hannun ɗan koyo a layukan farko, sannan su sake shi. Hankalin yaro kuwa yana kan lada, don su yake gani a jere a gefen allo. Ƙofa ta biyu da ta uku suna cikin littafin doka, wanda da Turanci yake, kuma ba kowa ke buɗe shi ba bayan an gama wasan gwaji. Wannan ne babban gibin kwalin a wurinmu. Yayan da zai koya wa ƙannensa, ko mahaifin da ya saya, ya karanta sashen cin wasa, ya faɗa musu da Hausa kafin a raba kati, in so samu ne ma ya rubuta hanyoyin ukun a takarda ya liƙa a cikin murfin kwalin.

Akwai kuma ranar da duka biyu za su ci a lokaci guda. Misali kowa ya rage masa lada ɗaya, ka kai harin da ke ji wa naka rauni, na fagenka da nasa suka faɗi tare. Doka ta ce a ƙirga hanyoyi. Idan kai ka kwashe ladanka kuma shi ba shi da kowa a benci, alhali kai kana da wanda za ka turo, ka ci ta hanya biyu shi ta ɗaya, wasan naka ne. Idan hanyoyin sun zo daidai, sai a buga sabon wasa na raba gardama, wanda ya fara ɗaukar lada shi ya yi nasara. Wanda ya kai harin ba shi da wani fifiko don shi ya buga.

Batun lokaci ma yana da doka, kuma za ta yi wa masu zaman yamma amfani. A gasannin hukuma, bisa dokar da ake bi a 2024, idan lokaci ya cika, mai layi kan ƙarasa nasa, sannan a ƙara layi uku. In ba a samu wanda ya ci ba, a zagayen farko-farko canjaras ne, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa wanda ladansa ya fi raguwa shi ke wucewa. Masu bugawa bayan la'asar su ari wannan: a sa agogo, minti goma kafin magariba a ce lokaci ya cika, a yi layi ukun, a ƙirga lada, a tattara. Ya fi a watse ana cewa ai da ni zan ci. Sallamawa ma halas ce a dokar wasan, mutum na iya cewa ya bari a kowane lokaci.

Ta fuskar ƙarko, katunan na da kyau amma ba a yi su don ƙurar hunturu da gumin bazara ba. Girmansu milimita 63 da 88 ne, a nemi rigar leda mai wannan awon, kada a sayi ta Yu-Gi-Oh! don ta yi musu kaɗan. Rigar tana da alaƙa da adalcin wasa kai tsaye, domin katin da bayansa ya karce ana gane shi ko yana kife cikin lada. Ƙwayoyin raunin kuwa kwali ne marar nauyi, fanka na tashi sai su watse, kuma da zarar an rasa ko 60 ne ko 80 a kan na fage, an rasa ko ya faɗi ko bai faɗi ba. 'Ya'yan ludo sun fi: kowane ɗigo a ɗauke shi 10.

Ga iyayen da ke tsoron kada abin ya zama caca, katunan wannan kwalin sanannu ne, duk wanda ya sayi na 2024 abu ɗaya zai samu. Ƙananan fakitin da ake saye ba a san abin da ke ciki ba daban suke, kuma ba a bukatarsu don a buga wannan. Lada ma daga ɗaurinka yake, ana gamawa kowa ya mayar da 60 ɗinsa. A kula da jabu wajen saye: na gaske yana da siririn layi baƙi a tsakiyar kaurin katin, na jabu kuwa rubutunsa kan yi dishi-dishi, wani lokaci da lambobin ƙarfi na dubbai da babu su a wasan.

Wanda ya saba da Yu-Gi-Oh! mai maki 8000 ko Magic mai rai 20 zai ga waɗannan ɗaurin sun yi masa sanyi, kuma ba za su kai shi ko'ina a gasa ba. Ba don shi aka yi kwalin ba. Ga gida mai yara biyu ko uku daga shekara shida zuwa sama, da babba ɗaya mai karanta Turanci da zai zauna da su a wasannin farko, ya isa a saya. A fara da Pikachu da Armarouge bisa jagora, a ajiye ɗaurin Darkrai sai an buga wasa cikakke an ga ƙarshensa.