Agogon Marigayi Baba: A Ɗaura ko a Adana?

Ana yawan tambaya kan agogon da mahaifi ya bari: a riƙa ɗaurawa ko a adana? Da farko dai kayan gado ne. A yi masa kuɗi a cire daga kason wanda ya ɗauka, sai in magada sun yafe.

Ɗaurawa tana cin kuɗi. Irin Seiko 5, wanda motsin hannu ke tafiyar da shi, mansa kan bushe, sai mai gyara ya kwance ya wanke ya sa sabo, kamar duk shekara 5. A canja robar murfin baya, don tsohuwa ba ta tare ruwan alwala. Kada a yarda a goge jikinsa da inji. Ƙarzunan nan na marigayi ne, kuma gogewa na karya darajarsa.

Adanawa kusan kyauta ce, amma in mai batir ne a cire batirin, don yakan yi yoyo ya cinye injin. A nisanta shi da danshin damina da maganaɗisun lasifika.

Mai halin gyara da ke son ganinsa kullum, ya ɗaura. Mai aikin ƙarfi, ko namijin da ya gaji na zinare, adanawa ta fi masa.