Gilashin da ake maƙalawa a kyamarar waya: ga masu kiwon azolla kafin ku saya

Jama'a masu tambayata ko ɗan gilashin nan na ƙara girma da ake maƙalawa a bayan waya yana da amfani wajen gane irin azolla, wato ɗan tsiron nan mai yawo a saman ruwa da ake ciyar da kaji da kifi, amsa ita ce eh yana da shi sosai, amma akwai inda yake tsayawa, kuma gara ku san wurin kafin ku fitar da kuɗinku. Nawa a kasuwar waya a Kano aka siyo min, ba shi da wani suna a jiki, roba ce baƙa da ɗan maƙali, kuɗinsa ko rabin buhun dusa bai kai ba.

Dalilin da ya sa na neme shi, mu nan wajen Auyo yanzu duk wanda ya shimfiɗa tamfol ya zuba ruwa da kashin shanu sai ya ce yana noman azolla don kaji da kifi, kuma irin da ake sayar wa mutane wallahi a gauraye yake, wani ma ba azolla ba ce kwata-kwata, ɗan koren ganyen nan ne na saman kududdufi mai kamar ƙwayar riɗi. Shi wannan da kainuwa duk masu fure ne. Azolla kuwa dangin fern ce, ba ta fure ba ta 'ya'ya, haka ma salvinia, wani tsiron saman ruwa da ake rikita su da ita.

To a nan gilashin ya burge ni. Ka ɗebo tsiro ɗaya ka ɗora a farin faranti da ɗan ruwa, ka kusanto da wayar har ta kusa taɓa shi, sai ka ga ganyayyaki ƙanana sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, ko wanne bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Azolla pinnata, wadda ita ce asalin ta Afirka da Asiya, jikinta gaba ɗaya mai kusurwa uku ne, rassan ƙasa dogaye na sama gajeru, in ka ɗago ta kuma saiwarta tana da gashi-gashi a gefe. Azolla filiculoides da ta fito daga nahiyar Amurka ba ta da wannan tsarin, rassanta barkatai suke, saiwarta kuma zare ne miƙaƙƙe kawai. Wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu domin filiculoides ba ta jure zafi, azolla dama tafi son digiri 20 zuwa 30, mu kuma a watan Afrilu 40 muke gani, sai mutum ya wayi gari kwaminsa ya yi baƙi ya ce an cuce shi alhali irin ne bai dace da garinmu ba.

Salvinia kuwa ko ba gilashi ganyenta ya fi girma, amma da gilashin za ka ga gashin saman ganyen Salvinia molesta ya rabu huɗu sannan ya sake haɗewa a sama. In ka ga haka dan Allah kada ka zubar da ita a magudanar fadama, 'yar Brazil ce, ita ce ta taɓa rufe babban yanki na tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe, kuma mu da ciyawar kachala ta riga ta toshe mana hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja ba mu buƙatar ƙari.

Abu ɗaya da nake so ku daina, yanke hukunci da launi. Azolla ta yi ja ba yana nufin wani iri daban ba ne, rana ce ta yi mata yawa ko sanyin hunturu ko ƙarancin sinadarin fosfarus, ka yi mata rumfa ka sa ɗan takin sufa sai ta dawo koriya.

Yanzu inda gilashin ya gaza. Tsakanin filiculoides da 'yar uwarta Azolla cristata, wadda masu saida iri ke kira caroliniana ko microphylla, ba zai raba maka ba ko ka kwana kana leƙe, saboda bambancin yana cikin ƙananan gashin saman ganye, na filiculoides ƙwayar halitta ɗaya ne na cristata biyu, wannan sai madubin ɗakin gwaji. Masanan ma sun daɗe suna saɓani, a 2004 ne wasu masana biyu, Evrard da Van Hove, suka nuna cewa tsiron da aka saba kira da waɗancan sunayen cristata ce. Saboda haka duk wanda ya kalli hoton waya ya rantse maka cewa microphylla ce tsantsa, ka bi shi a hankali.

Sannan maƙalin yana zamewa in wayarka mai kyamara uku ce, sai ka cire rigar wayar ka yi ta gyarawa, gefen hoton yana dusashewa tsakiya kaɗai ke fita, kuma in hannunka na rawa ba abin da za ka gani, ni gwiwar hannuna nake kafawa a kan turmi. Da hantsi a inuwa ya fi fitar da hoto, cikin ɗaki kuwa ɓata lokaci ne.

Mai kwami ɗaya ko biyu ya haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi guda ɗaya ya ishe su, amma mai saida iri kam ya kamata ya mallaki nasa, ya nuna wa mai saye saiwar da idonsa kafin ya karɓi kuɗi.